Yareta, tsiron da na ɗauka dutse ne a tsaunukan Chile

Daga Arica, garin da ke bakin teku can arewacin Chile, muka kama hanya mai lamba 11 wadda ta nufi iyakar Bolibiya. Hanyar nan hawa ce zalla ba sassauci, manyan motocin kaya suna ta nishi a gabanmu, cikin 'yan awanni ka baro bakin ruwa ka tsinci kanka a Putre, wajen mita 3,500 sama da teku. A nan muka kwana don jiki ya saba, domin iskar wurin ba ta isar mutum, ka ɗan yi sauri kaɗan sai haki. Masu masauki suka ba mu shayin ganyen koka, shi suke sha in kai ya fara sarawa.

Washegari muka shiga gandun dajin Lauca, wanda aka kafa a 1970. Kowa a motar hankalinsa na kan tafkin Chungará da dutsen Parinacota mai ƙanƙara a kai, ni kuwa abin da ya tsayar da ni wasu koren dunƙule-dunƙule ne a gefen tsauni, a tsakanin duwatsu, kamar an lulluɓe manyan duwatsu da koren bargo. Direbanmu ɗan ƙabilar Aymara ne, ya ce wannan ita ce yareta, wasu su ce llareta, kuma ba gansakuka ba ce a kan dutse, ita kanta ce ta yi wannan tudun.

Na matsa na durƙusa. Wallahi sai ka kai ido kusa sosai za ka ga ashe dubban 'yan ƙananan ganye ne masu sheƙi, kowane gungu bai wuce kan ɗan yatsa ba, sun matse juna har ba inda za ka cusa farce, ga 'yan mitsi-mitsin furanni ruwan ɗorawa a manne a jiki, ga danƙo yana tsattsafowa wani wajen, mai ƙamshi, ya kama min yatsa. Na danna da tafin hannu, tauri gagau. Wai dangin karas ce fa! Masana na kiranta Azorella compacta.

Matsewar nan ita ce dabararta. A saman nan rana na ƙuna da tsakar rana, da dare kuma ruwa ya daskare, ga iska mai busar da komai. To da ta dunƙule sai iska ta bi ta sama ta wuce, ɗumi da laima su zauna a ciki. Kuma za ka lura ta fi son jingina da dutse a gangaren da ke kallon arewa, don a wannan ɓangaren na kudancin duniya galibi ta arewa rana take bi.

Sai dai girmanta a hankali yake ƙwarai, kusan santimita ɗaya da rabi a shekara, wani wurin ma bai kai ba, har an ƙiyasta wasu manyan sun kai shekara 3,000. A nan ne raina ya ɓaci, don a ƙarni na 20 an yi ta sare ta da diga ana lodawa a kai ma'adinai irin na jan ƙarfe a Chuquicamata, saboda danƙon jikinta na sa ta ci wuta sosai in ta bushe, kuma ba itace a wurin. Mutanen Aymara sun daɗe suna girki da ita suna kuma shan ta don ciwon suga, amma ɗibansu ai bai kama ƙafar na kamfanoni ba. Abin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana haɗuwa, a ƙone shi a yini guda.

Yanzu doka ta hana saran ta a Chile. Duk da haka na ga wani ɗan yawon buɗe ido na shirin hawa kan wata babba don ɗaukar hoto, direbanmu ya daka masa tsawa tun daga nesa, ya sauke ƙafarsa, sannan muka wuce Chungará.