Turancin da ba a fassara shi kalma-kalma

Akwai wani irin Turanci da za ka san ma'anar kowace kalma a cikinsa amma da an haɗa su sai ka rasa inda aka dosa. Misali kana shirin hawa dandamali wani ya ce ma "break a leg", kai ka ɗauka mugun baki yake ma wai ka karya ƙafa, alhali fatan alheri ne. Maganar 'yan wasan kwaikwayo ce, suna da camfin cewa in ka yi wa mutum fatan sa'a kai tsaye to sa'ar guduwa za ta yi, shi ne suke juya maganar.

Wasu kam ba wuya don muna da irinsu. "Spill the beans" shi ne fasa ƙwai, wato tona abin da ake ɓoyewa. "It cost an arm and a leg" ɗan karen tsada kenan, "a piece of cake" kuma abu mai sauƙi kamar shan ruwa. "Under the weather" ba ruwansa da hadari ko rana, mutum ne ba ya jin daɗin jikinsa, 'yar mura haka ko kasala.

Wanda ke burge ni shi ne "once in a blue moon", abin da ba a cika yi ba sai jefi-jefi. Ashe akwai shi da gaske, in wata ya cika sau biyu a cikin watan kalanda ɗaya shi suke kira haka, kuma sai kamar bayan shekara biyu zuwa uku yake faruwa, ba wai watan yana komawa shuɗi ba ne.

"Raining cats and dogs" fa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya haddace shi tun a aji amma gaskiya ya tsufa, tun 1738 marubuci Jonathan Swift ya rubuta shi, yanzu "it's pouring" za ka fi ji a bakin Turawa.

Inda ake kwafsawa sosai shi ne "kick the bucket". Eh mutuwa yake nufi, amma da sigar barkwanci, kamar ka ce wane ya sheƙa barzahu. Don Allah kar ka rubuta wa wanda aka yi wa rasuwa haka kana ganin ka zuba Turanci, ka ce "passed away" kawai, shi ne daidai da ya riga mu gidan gaskiya.