Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mini

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Ranar Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya a majami'armu ta sashen Hausa a nan Agege, aka miƙa mini makirfo, kuka ya hana ni cewa komai in ban da "na gode". Abin da na kasa faɗa a gabanku shi ne nake rubutawa yau.

Wata 14 ke nan da ranar da likita ta auna ni ta ce jinina ya haura 140 bisa 90 da nisa, suga ma ya fara leƙowa. Sikeli ya nuna kilo 104. Ta ce ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina na sauke zan ga bambanci, in riƙa tafiyar ƙafa minti 30 sau biyar a mako. Na amsa da to, amma zuciyata ba lafiya take nema ba a lokacin, jikina ne na tsana. Kwandastan danfo, motar haya ta Legas, ya taɓa kirana orobo, wato mai ƙiba, a gaban mutane, ya ce sai na biya kuɗin kujera biyu. Na biya, na sauka a Pen Cinema ina share hawaye da gefen ɗankwali. Daga nan na shiga shan shayin rage ƙiba da wata ta sayar mini a intanet, ba abin da ya ba ni sai gudawa da jiri. Sai na koma hana kaina abinci, ina ce wa mutanen gida azumi nake yi.

Godiyata ta farko, bayan ta Ubangiji, ga Mama Fasto take, don ita ta gano ni. Bayan taron Zumuntar Mata ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, wannan azumin naki me kike roƙo a cikinsa?" Na rasa amsa. Ta ce, "To ba azumi ba ne, horon kanki kike yi." Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta buɗe Zabura 1, inda aka yi zancen mutumin da ke bimbini a kan maganar Allah dare da rana, ta ce in bar karanta surori goma a guje. In ɗauki aya ɗaya tak, in zauna da ita minti goma sha biyar kowace safiya, in yi ta juya ta a raina yadda saniya ke tuƙa.

Ayar da ta ba ni ita ce Zabura 139:14, inda Dawuda yake yabon Allah saboda ban mamakin yadda aka yi shi. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi, kafin hon ɗin motoci ya fara, in shimfiɗa tabarma a falo, in kifa waya. In ja numfashi a hankali, in faɗi rabin ayar, in sauke numfashi, in faɗi sauran. Makon farko ba abin da ke zuwa kaina sai kuɗin makarantar yara da lissafin shago. Mama ta ce in tunani ya gudu kada in zagi kaina, in dawo da shi kan ayar kamar yadda ake dawo da yaro mai rarrafe daga bakin ƙofa. Wata safiya a mako na uku na ɗora tafin hannuna a kan cikina, daidai tabon aikin da aka yi mini a haihuwar autana, wurin da na shekara bakwai ba na yarda in kalla a madubi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ubangiji, nan ka ajiye mini 'ya'ya uku." Na yi kuka sosai. Sikeli bai motsa ko kilo ɗaya ba a ranar, amma daga ranar na daina yi wa jikin nan kallon abokin gaba.

A da in an karanta 1 Korintiyawa 6:19, cewa jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, ji nake kamar da ni ake. Yanzu ina jin ta dabam: ai haikali sharewa ake yi, ana kula da shi, ba a jifansa. Shi ya sa na koma cin abinci sau uku kamar kowa, sai dai da awo. Burodin Agege da lemon kwalba na rage su ƙwarai, na koma faten acca da ganye irin na gida.

Baban yara, na gode. Da ka ga ina hawa sikeli sau uku a rana, ka ɗauke shi ka ɗora saman kabad ka ce a asibiti kawai za a riƙa auna ni. Na yi fushi da kai kwana biyu, gaskiyarka ce. Hajiya maƙwabciyata, wadda take ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan ta idar da sallar asuba mu zaga unguwa tare, ko a damina da lema, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar gwiwa. Likitata da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, har lokacin da na dawo daga Kirsimeti a gida da ƙarin kilo uku, na gode. Wata biyu nauyin ya tsaya cik bayan nan, kuma Filibiyawa 4:6-7, inda aka ce kada mu damu da komai sai dai mu kai wa Allah roƙonmu, ita ce ta riƙe ni ban koma wa shayin nan ba.

Matan Zumunta, kun dafa, kun yi waƙa, kun cika majami'a da ankonmu, ni ma na ɗaura nawa ba tare da na ɓuya a layin baya ba. Wanda ban ambata ba ya yafe mini.

Yanzu ina kilo 89, kuma har yau ina shan maganin hawan jini yadda likita ta tsara, ban ajiye shi ba. Wata mai zuwa zan koma a sake auna suga, ku sa ni a addu'a. Mata biyu sun tare ni a bakin ƙofa ranar Lahadi suna tambayar yadda ake bimbinin nan. Na yi magana da Mama, ta ce mu haɗu bayan taron Zumunta na gaba, kowa ta zo da Littafinta.