Abin da Aikin Awon Yara Ya Koya Mini Game da Kunun Jariri

A shekarun da na yi a sashen awon yara na wani asibitin sha-ka-tafi, na lura cewa yawancin yaran da tamowa ke kamawa lafiya lau suke a watannin farko, sai bayan sun cika wata 6 suke fara ramewa, wato daidai lokacin da ake haɗa musu nono da abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da nono zalla har wata 6, sannan a fara abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Iyaye mata ba sa gardama kan tsawon shayarwa, tun da Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara. Abin da ke cutar da yaran shi ne irin kunun da ake dama musu.

Sau da yawa uwa takan dama kamu tsululu don tsoron kada yaro ya shaƙe, alhali cikinsa ƙarami ne, ruwa kawai zai cika shi, ya yi barci kamar ya ƙoshi. A wannan lokaci sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa, kuma nono kaɗai ba ya cike giɓin. Shi ya sa na koyi damawa a gaban iyaye maimakon dogon bayani: kunu mai kaurin da ba ya zuba daga cokali da sauri, a zuba garin soyayyar gyaɗa ko na waken suya, wata rana ƙwai ko dakakken kifi, wata rana kabewa ko garin zogale da ɗan manja. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4, ba tare da an rage nono ba, domin har ya cika shekara nonon yana ba shi kusan rabin ƙarfin da jikinsa ke buƙata. Zuma kuwa a jira sai ya shekara.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa uwa ba ita kaɗai ke yanke hukunci a gida ba. Idan uwar miji ta ce ƙwai yana sa yaro sata, ko maigida bai sa gyaɗa a cefane ba, duk abin da aka faɗa a asibiti a nan zai tsaya. Saboda haka nakan roƙi a zo da kaka ranar awo, in gaishe ta da girmamawa, in ce, "Inna, ke kika rene su, ki taimaka mana ki nuna wa 'yarki kaurin da ya dace." Ita ce kuma take tuna wa ɗanta ya sayo waken suya idan zai je kasuwa.