Shinkafar sadakar Baba da dokar mutum biyar a Houston

Babanmu ya rasu a watan Fabrairun 2023, shi yana Zariya ni ina Houston ta jihar Texas. Ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba, sai dai waya da kuka a banɗakin wurin aiki. Da arba'in ta matso lokacin azumi ya riga ya kama, Umma ta kira tace su can za su yi tuwo da waina su rabar, nima in yi abinda ya sawwaƙa a inda nake. Nace toh Umma.

Sai da na ajiye wayar na fara tunanin wai wa zan ba ma? A gida ai ba ke kike neman mai cin sadaka ba, kafin ki sauke tukunya almajirai sun cika zaure da robobinsu, maƙwabta sun aiko yara. Nan kuwa hawa na uku muke a gidan haya, shekara huɗu ba wanda ya taɓa yi mana sallama yace yana jin yunwa. Masallacinmu kuma da azumi abinci har zubarwa ake, in na kai can ƙari ne kawai a kan ƙari. Sai na tuna mutanen da nake gani kullum da asuba in na taso daga aikin dare (a gidan kula da tsofaffi nake aiki), suna kwance kan benci a wani lambun shaƙatawa kusa da tsakiyar gari, wasu a ƙarƙashin gada da kayansu a keken kanti. Nace shikenan, ga masu rabo.

Wallahi na zage. Dafa-dukan shinkafa tukunya biyu, attaruhu ban ji tausayinsa ba, kaza na soya ta ƙarau irin tamu ta gida wadda sai ka ja da haƙori. Roba hamsin na cika. Na gama lodawa a but ɗin mota wajen ƙarfe ɗaya, maigidan kuma yana tuƙin Uber yace ga shi nan ga shi nan, bai iso ba sai uku da rabi, ga cunkoso, ba mu kai lambun ba sai bayan la'asar. Ni da a wurin aiki ake nanata mana cewa dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a waje, in da zafi sosai ma awa ɗaya, amma ranar ko a jikina, tunda sadaka ce ai Allah zai kiyaye.

Muna buɗe but ɗin mutane suka taso. Ban tsara layi ba, ban ƙirga su ba, kawai miƙawa nake. Cikin minti goma sha biyar babu ko roba ɗaya, wasu sun karɓi bibbiyu wasu ba su samu ba, har maza biyu suka fara cacar baki a kan roba ɗaya maigidan ya shiga tsakani. Cokula suka ƙare tun a na talatin. Sannan wata mata da ta kai loma biyu ta fara tari, hawaye na zuba, tana tambayata ruwa. Ruwa! Ni mai azumi, maƙogwarona a bushe tun safe, amma ko kwalba ɗaya ban kawo ba. Akwai wani dattijo baƙar fata mai hular tsofaffin sojoji da ya zauna a gefe yana jujjuya cinyar kazar nan, ya ɗago yayi mun murmushi, sai na ga ashe haƙoransa ba su fi uku ba. Ya ci shinkafar a hankali yana shan iska, kazar ya naɗe ta a takarda ya ba na kusa da shi.

Muna cikin haka ɗan sanda ya iso. Gaskiya bai yi mana wulaƙanci ba, ya gaishe mu, yace madam mutum nawa kika ciyar? Ni da alfaharina nace hamsin. Yace kina da takardar izini? Nace izinin me? Nan yayi mun bayani cewa a garin nan in za ka raba wa mabuƙata abinci sama da mutum biyar sai da izinin mai wurin, in wurin na gwamnati ne kuma sai birni ya yarda, kuma tarar tana iya kaiwa dala 2,000. Na kalli maigidan, shi kuma ya kalli ƙasa. Mutumin yace yau gargaɗi ne kawai, mu tattara mu tafi.

A mota ban yi magana ba har gida, raina a ɓace. Wai a ƙasar da ake zubar da abinci kamar ba gobe, laifi ne in ba mai yunwa shinkafa saboda ubana ya rasu.

Washegari da asuba na biyo ta wurin daga aiki, kuma abinda na gani shi ya fara sanyaya mun jiki. Robobina ne ko'ina, farare, a ciyawa, a ƙarƙashin benci, wasu da sauran shinkafa tsuntsaye na ta bidiri a kai, ƙasusuwan kaza har wajen lilon yara. Wata mata mai aikin shara, ba za ta gaza sa'ar Umma ba, tana bi tana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Na rage gudu kamar in tsaya, kunya ta hana ni. Ledar shara ɗaya tak da na kawo da ba haka ba.

Daga nan na shiga bin maganar, ashe ni na faɗo tsakiyar rigimar da ake kai ne ban sani ba. Dokar tun 2012 aka yi ta zamanin magajiyar gari Annise Parker, amma shekara da shekaru ba a cika aiki da ita ba. Sai a watan Maris ɗin 2023, wato makonni kaɗan kafin tawa shinkafar, gwamnatin magajin gari Sylvester Turner ta fara rubuta wa 'yan ƙungiyar Food Not Bombs tikitin tara. Su waɗannan sun daɗe suna raba abinci mara nama dare huɗu a mako a bakin babban laburaren gari. Birni yace iyalai da ma'aikatan laburaren suna tsoron wurin, don haka a koma wani filin ajiye motoci na 'yan sanda a titin Riesner. Su kuma suka ce ba inda za su. Wani dare na roƙi maigidan muka je muka tsaya daga nesa, na ga abin da idona: layi a tsare, safar hannu, ruwa, ana gamawa aka share wurin tas, ɗan sanda ya rubuta tikiti, wanda aka rubuta wa ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu kamar rasit ɗin kanti. Kafin shekara ta zagayo tikitin nan sun doshi ɗari.

Kuma ba Houston kaɗai ba. A Fort Lauderdale ta Florida, Nuwamban 2014, an tuhumi Arnold Abbott, tsoho ɗan shekara 90 da ya yi yaƙin duniya na biyu, shi da fastoci biyu, da barazanar kwana 60 a gidan yari ko tarar dala 500, saboda abincin da ya daɗe yana rabawa. Las Vegas ta gwada hanawa a 2006, Philadelphia a 2012, duka alƙalai suka taka musu burki. Orlando kuwa kotu ta tabbatar da tata dokar a 2011. Wanda ya fi tsaya mun a rai shi ne na El Cajon a California, inda a Janairun 2018 aka tuhumi mutum goma sha wani abu har da yaro ɗan shekara 14. Amma fa can dalilin da suka bayar ba ƙarya ba ce zalla, lokacin ciwon hanta nau'in A ya ɓarke a yankin San Diego, inda El Cajon take, ya kashe mutum 20, kuma masu kwana a titi ya fi kamawa saboda ba banɗaki ba wurin wanke hannu. Ina karanta wannan ina tuna shinkafata da ta yi awa uku a but, da hannuna da ba safa. Da wani cikinsu ya kwana yana gudawa, ina zai je? Banɗakunan irin waɗannan wurare da dare a kulle suke.

Mun sha gardama da maigidan a kan wannan, har wata rana muka yi sahur ba mai ce wa wani uffan. Shi cewa yake ke dai ki yi hankali, takardunmu na zama 'yan ƙasa suna hannun hukuma, ba yanzu ne lokacin da za ki fara zaryar kotu ba. Wannan kam na ba shi gaskiya. Sai ya ƙara da cewa ai ko Kano an sha hana bara a titi, kuma Houston ɗin nan da kike zagi tun 2011 ta rage masu kwana a waje da fiye da rabi, ta sa mutum sama da 25,000 a ɗaki, saboda tsarinsu shi ne a fara ba mutum makulli kafin a yi maganar shaye-shaye ko aiki, robar shinkafa kuwa ba ta taɓa fitar da kowa daga titi ba. Nace Abban yara ban musa ba, amma wanda ke jiran makullin nan daren yau me zai ci? Kuma in da gaske tsafta ce damuwar, a kawo kwandon shara da banɗaki mana, a koya wa irina yadda ake yi, tara ta mece ce? A ganina yawancin dokokin nan ba abincin ake kora ba, mutanen ake so su matsa daga inda masu kuɗi da baƙi ke wucewa, an san duk inda tukunya ta koma can za su bi. Dattijon nan mai hula, da muka saba daga baya, na tambaye shi me ya sa ba ya zuwa Riesner. Yayi dariya yace 'yata, rabin mutanen nan akwai tsohuwar tarar da ba su biya ba a kansu, wa zai kai kansa ƙofar 'yan sanda don farantin wake? Ga nisa, ga ƙafarsa a kumbure.

A kotu abin har da ban dariya. Na farko da aka gurfanar a 2023, mutanen gari da ake zaɓowa su yanke hukunci suka wanke shi. A wata shari'ar kuma an rasa ma isassun mutanen da za su zauna, don da yawa tun a tantancewa suka ce su ba za su iya cin wani tara a kan ciyar da mai yunwa ba. A Fabrairun 2024 alƙalin tarayya Andrew Hanen ya dakatar da birni daga rubuta wa ƙungiyar tikiti kafin a gama shari'a. Abinda ya ɗaure mun kai shi ne hujjar da suka ci da ita. Ba don ciyarwa alheri ba ne, a'a, don rabon abincin nasu zanga-zanga ce, saƙo suke isarwa, kuma tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki. Haka kotun ɗaukaka ƙara ta ce a shari'ar reshen ƙungiyar na Fort Lauderdale a 2018. Mu da aka raine mu a kan hannun dama ya bayar hagu bai sani ba, a nan sai ka ɗaga kwali ka ce da gwamnati kake sannan shinkafarka ta samu kariya. Ni kuma ba kwali gare ni ba, Baba kawai nake nema wa rahama, don haka ban ɗauka hukuncin nan ya rufe ni ba.

Yanzu ga yadda nake yi. In babban rabo ne, muna haɗuwa da wasu matan masallacinmu mu bi wani coci da ke ba da filin motocinsa, izini a rubuce, tebur, kula mai riƙe zafi, wurin wanke hannu. Attaruhu na dawo da shi gefe a ɗan ƙulli, mai so ya zuba. Kaza kuwa dafawa nake har ta saki ƙashi, wani lokacin faten dankali ko wake da ya nuna luguf, don matsalar haƙori ta yi musu yawa fiye da yadda na zata. Ruwa kafin abinci. Safa sabuwa tana ƙarewa kafin shinkafa, wannan ban taɓa tsammani ba. Kuma rana ɗaya lokaci ɗaya, in kin ce Juma'a to ki zo Juma'a, don akwai wanda zai ƙi tafiya wani layin saboda ke.

Sauran Juma'o'in kuma roba biyar nake sawa a mota, daidai doka, da ledar shara a jaka, ina tsayawa har su gama in karɓi robobina. Da na ba Umma labarin dokar mutum biyar shiru tayi, sannan tace to na shidan fa, shi ba ɗan Adam ba ne? Nace Umma haka suka tsara.

Juma'ar da ta wuce kuwa sai ga na shidan, wani saurayi da bargo a kafaɗa, ya iso daidai na miƙa ta ƙarshe. Ya leƙa ledar ya ga ba komai, yace ba damuwa madam, ya juya. Maigidan da ke zaune a mota yana danna waya, mai yi mun wa'azin takardu, sai ji nayi ya buɗe ƙofa ya kira shi, ya miƙa masa kular abincinsa na rana da cokalinsa na gida. Na harare shi. Yace ke kin yi biyar ɗinki, ni yanzu na fara nawa, shiga mu tafi kar mu rasa huɗuba.