Lab biyu a samista ya isa

In kana firi-med a Amurka, wato kana digirin farko da niyyar shiga makarantar likitanci, yawancin makarantun likitanci suna so ka yi shekara guda ta bayoloji, da janar kemistiri, da oganik kemistiri, da fiziks, kowanne da lab ɗinsa, wato darasin ɗakin gwaji. To shi lab ɗin nan a takarda sau da yawa kiredit 1 ne kacal amma sai ya cinye maka awa uku kana tsaye da tabarau a fuska kana ɗiga ruwa a kwalba, ka koma ɗaki kuma ga rahoto na jiranka. Ni dai a ganina lab biyu a samista sun isa, na uku neman rigima ne wallahi, balle in oganik na ciki.

Kiredit 15 a samista ya ishe ka gama digiri a shekara 4. Sauran gurbin ka cike da saikoloji ko soshiyoloji, ai tun 2015 suna fitowa a MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci. Kuma AMCAS, wadda ta hannunta ake neman gurbi a makarantun likitanci, daban take lissafa GPA (matsakaicin maki) na kimiyya da lissafi, C ɗaya a kemistiri ba ta ɓuya. Bayokemistiri kuwa ka gama shi kafin ka zauna MCAT ɗin.