Abin da kicin ɗinmu na Hayyul Ashir ya koya mini

Na tafi Alƙahira karatun Larabci a Azhar, ɓangaren mata da ke Madinatu Nasr, ina ganin girki kam na gama shi tun a gida. Ni ce babba a ɗakinmu, tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake tuƙa tuwon gidanmu. Mu uku muka kama haya a Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban Afirka da na Asiya suka cika: ni, da wata 'yar Senegal, da wata 'yar Indunusiya daga Sumatra ta Yamma. Kuɗin cefane a haɗe yake, girki kuwa kowa da ranarta.

Halin da na je da shi shi ne duk abincin da aka nuna mini sai na sa masa hannu. In ƙara ɗanɗano, in jefa tarugu, in rage lokacin da zai yi a wuta. A zuciyata taimako nake yi.

Washegarin Babbar Sallah ta farko da muka yi tare, 'yar Indunusiya ta ɗora abin da suke kira rendang. Naman sa ne da madarar kwakwa mai yawa, da citta, kurkum, tafarnuwa, jan barkono, wani ɗan'uwan citta da suke ce wa lengkuas, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo. Bayan azahar ta ce in riƙa juya mata, za ta fita ta dawo. Da aka yi kamar awa biyu na ga nama ya yi laushi, romo ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, gas kuma ya kusa ƙarewa. Sai na kashe. Da ta dawo ta leƙa tukunyar, ta ce, "Ukhti, wannan kalio ne, bai kai rendang ba tukuna." Ba ta yi faɗa ba. Ta sake kunna wuta ƙasa-ƙasa, ta jawo kujera, muka zauna har bayan isha'i tana juyawa, har ruwan ya ƙone ƙarƙaf, man kwakwar ya fito, naman ya soyu a cikinsa ya yi duhu.

A zaman nan ne ta ba ni labarin mutanenta, Minangkabau. A wurinsu gida da gona ta wajen uwa ake gadonsu, samari kuma su fita neman ilimi da arziki a wasu garuruwa, abin da suke kira merantau. Ina ji na ce ai ci-rani ke nan. Uwa ba ta da abin da za ta sa wa ɗanta a jaka sai naman da zai yi makonni bai lalace ba a ƙasa mai zafi da laima, don haka dole a kore ruwan da ke jikinsa gaba ɗaya. Rabin tukunyar nan ma ƙanenta za ta aika wa, yana karatu a wani gari, ɗakinsu babu firji. Da an bar shi yadda na sauke, da kwana biyu ba zai yi ba. Dambun naman da Inna ta cika mini roba da shi ranar da zan taso ya faɗo mini a rai, idona ya ciko. Awannin da na ɗauka ɓarnar gas ne, su ne girkin.

Daga ranar na koyi yin tambaya kafin in taɓa. Kuma tambayar ta fi yi mini rana a wurin 'yar Senegal.

Ita in za ta dafa cebu jen, shinkafa da kifi ke nan da harshen Wolof, sai ta bi shaguna tana neman karyayyar shinkafa, irin wadda mu muke ware tsakinta mu ajiye don fate ko mu zuba wa kaji. Na ɗauka tsimi ne, har na yi mata tayin mai dogon ƙwaya da na saya. Ta yi dariya ta ce da wannan ba za ta kama miya ba. Asalin abin, Faransawa ne suka tura manoman Senegal ga noman gyaɗa don masana'antunsu, kamar dai yadda Turawan Ingila suka yi da mu har aka gina dalar gyaɗa a Kano. Da gero ya ragu a gonaki, sai suka riƙa shigo da gutsattsarin shinkafa mai arha daga ƙasashen da suke mulka a Indocina, yankin Biyetnam na yau. Matan Saint-Louis, garin masunta da 'yan ƙasar ke kira Ndar, suka karɓi wannan abin da aka raina suka mayar da shi abincin da ƙasa ke taƙama da shi. Ana danganta farawarsa da wata mai girki, Penda Mbaye, a ƙarni na 19, kuma a 2021 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun da duniya ya kamata ta adana. Sunan jollof da muke kiran dafa-dukanmu da shi ma daga daular Jolof ta can ya fito. Har yau in na ji ana musun wa ya fi iya jollof tsakanin Najeriya da Ghana, raina yana ɗan sosuwa, don ba a cika tunawa da matan da suka fara ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da ta buɗe wani ƙulli da aka aiko mata daga Dakar, wari ya cika kicin. Na ce, "Wannan ai daddawa ce!" Ta ce netetu sunanta, daga 'ya'yan bishiyar nere. Ɗorawa ke nan. Ga tsamiya a gefe, ga miyar ganyen yakuwa, ga ƙanzon ƙasan tukunya da suke kankarowa su ɗora a tsakiyar faranti, yara da manya na rububinsa. Tana tsaga kifi ta cusa masa dakakken fasli da tafarnuwa da barkono, ta soya, ta dafa rogo, karas, kabeji da gauta a romon, ta tsame su, sannan shinkafar da ta riga ta turara ta shiga.

Tsohuwar da ta ba mu haya, muna ce mata Hajja, ita ta nuna mini mulukiya. Lalo ne, ba wani abu ba. Sai dai da wuƙa mai kamar jinjirin wata suke yanka shi, su zuba a romon kaza ko na zomo, su soya tafarnuwa da wani kayan ƙamshi da suke kira kusbara a man shanu su juye a kai yana ƙara. Na miƙa hannu zan ɗauko kanwa, ta riƙe ni ta ce, "A'a 'yata, kuma kar ki bari ya tafasa, ganyen zai kwanta a ƙasa." Na mayar da kanwata.

Da na dawo Zariya bayan shekara huɗu, kayan haɗin da yawa babu su, amma na san aikin kowanne a tukunya. Busasshen kifin Senegal mai wari, kifin banda da daddawa suna tsaya masa. Lengkuas kuwa citta ba ta maye gurbinsa sosai, ina dai ƙara ta kaɗan in haƙura. Lokacin wuta ne ban taɓa ragewa ba.

Ranar sunan ɗan ƙanwata na dafa cebu jen da tsakin shinkafar gida da na sa aka ware mini a wurin masu casa. Inna ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce, "Ke da kika je karatu Masar, tsaki za ki ba baƙi?" Na ce ta yi haƙuri ta ɗanɗana. Da yamma, bayan an watse, na same ta a tsakar gida ta jawo tukunyar gabanta, tana kankarar ƙanzon da cokali tana ba jikokinta.