Mu masu kayan gyaran mota, sanin wa ke da wa a Japan yana rage mana asara

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce a Kofar Ruwa nan Kano, rabin kayan shagona daga Japan suke zuwa, ta hannun dillalan da muke turawa kuɗi ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. To wallahi a wannan harka dole ka iya karanta takardarsu ko da kaɗan ne.

Su Japanawa kamfani mai mallakar wani suna ce masa oyagaisha, wato uba, wanda aka mallaka kuma kogaisha, ɗa kenan, har jika suna da shi, magogaisha. Daihatsu ɗan Toyota ne, tun 2016 ta saye shi gaba ɗaya, shi ya sa da rigimar gwajin lafiyar motoci ta fashe a Disambar 2023 aka tsayar da fitar da motocin Daihatsu har da waɗanda ke ɗauke da tambarin Toyota. Amma Denso daban ne, daga jikin Toyota ya fita a 1949, Toyota na da hannun jari mai kauri a ciki amma bai kai rabi ba, irin wannan kanren gaisha ake ce masa. Yana yi wa Toyota fulogi da sauransu kuma yana sayar da nasa a kwalinsa, ni kam na kwalin Denso nake ɗaukowa dan ya fi sauƙi, sai dai kwastoma wani in bai ga kwalin Toyota ba sai ya ce jabu ne, haka za ka yi ta bayani har maƙogwaro ya bushe.

Inda ake cin kuɗin mutanenmu shi ne kabushiki gaisha, wato kamfanin hannun jari, KK a taƙaice. Mutum na ganinsa a invois sai ya ɗauka katafaren kamfani ne, alhali tun 2006 da jarin yen 1 ma za ka iya yin rajistarsa. Shi kuma godo gaisha, wato wani nau'in rajistar kamfani da ba na hannun jari ba, da ake rainawa, Amazon da Apple na Japan da shi suke aiki.

Ni yanzu duk dillalin da ya ce min shi reshen wani babban kamfani ne, lambar rajistarsa mai lamba 13 nake fara nema in duba, sannan in ga ko sunan asusun banki ya yi daidai da na invois, har ma KK ɗin a gaban suna yake ko a baya, dan wannan kaɗai na iya nufin kamfanoni biyu ne daban. In bai yi daidai ba, ko sisi ba na turawa.